CWGC, Kew da Mémoire des hommes: wanne ke gano kakan da teku ta ci a Yaƙin Hitila?

A Tawa da ƙauyukan Ader akwai gidajen da har yanzu ake ba da labarin wani kaka ko ƙanen kaka da ya tafi biɗa zamanin Nasara, yana gudun haraji da aikin tilas da ɗibar soja. An ji ya kai Legas, ko Takoradi, ko Dakar. An ji ya samu aiki a jirgin ruwa. Sai yaƙi ya zo, labari ya yanke, daga baya wani ɗan garinsu da ya komo ya ce ai jirginsu ya nutse. Ba gawa, ba kabari, ba takarda. Yau jikoki na da intanet a waya, kuma hukumomin Ingila da na Faransa sun buɗe shafukan neman irin waɗannan mutane. Uku ne manya: shafin hukumar kaburburan yaƙi ta CWGC, hidimar kwafin takardu ta ma'ajiyar ƙasar Ingila da ke unguwar Kew a Landan, da shafin Mémoire des hommes na ma'aikatar sojan Faransa. Akwai kuma wasu ƙananan shafuka na masu sa kai da, a wasu wurare, sun fi manyan amfani.

Dukansu sun san jirgi fiye da yadda suka san mutum, balle baƙin mutum da ya ɗauki aiki a wata tashar Afirka. Ranar da jirgi ya tashi, ayarin da ya bi, kayan da ya ɗauko, sa'ar da aka harbe shi, duk a rubuce suke dalla-dalla. Amma mai zuba kwal a tukunyar injin, sunansa ya shiga takarda ne yadda kunnen akawu ya ji shi, in ma ya shiga. Wanda ya fara bincike da suna kaɗai zai ƙone kuɗin intanet a banza. Wanda ya fara da sunan jirgi da shekara, shi ke da hanya.

Saboda haka aikin farko ba a waya yake ba, a zaure yake, gaban tsofaffin gida. A tambayi inna ko baba tsoho abu uku. Wace tasha aka ji ya zauna? Wannan ne zai raba maka hanya, domin Legas, Akra, Takoradi da Firitawun na Ingila ne, Dakar da Konakiri na Faransa. Wace shekara ya bar gida? Tsoho ba zai ce maka 1936 ba, amma zai iya cewa bayan yunwar fara ne, wadda aka yi a 1931, ko zamanin sarki wane. Sannan wane irin aiki yake yi? A nan ake yawan ruɗewa. Mutanenmu da yawa da aka ce suna "aikin jirgi" leburori ne a bakin tasha, masu sauke buhuna da loda gyaɗa ko koko, ba su taɓa barin gaɓa ba. Wasu kuma sojoji ne da aka ɗora a jirgi za a kai su fagen daga. Soja da ya nutse a jirgin kasuwanci ba ma'aikacin jirgi ba ne, takardarsa tana wurin sojoji. Misali jirgin Sequana da aka nutsar a yaƙin duniya na farko, ranar 8 ga Yuni 1917, kusa da tsibirin Yeu na Faransa, mafi yawan waɗanda suka mutu a cikinsa tiraye ne, wato sojojin Afirka na Faransa, da aka ɗauko daga Dakar. In kakanka irinsu ne, hanyarka ta bi ta Mémoire des hommes da cibiyar takardun sojoji da ke Pau, ba ta wurin masu jirage ba.

A bincika adaka da tsofaffin akwatuna kuma. Ma'aikacin jirgin Ingila da ke cikin rajista yana da ɗan littafi mai ɗauke da lamba, galibi mai farawa da harafin R, inda ake buga hatimin kowane jirgi da ya yi wa aiki. Littafin yakan nutse tare da mai shi, amma wasiƙa, ambulan mai tambarin kamfani, ko hoton da aka ɗauka a Legas da rubutu a bayansa, kowanne na iya ba da sunan jirgi.

Shafin CWGC shi ne ya kamata a fara buɗewa, don kyauta ne kuma ba ya da nauyi ko a intanet mai rauni. An kafa hukumar a 1917, tana riƙe da sunayen mutum wajen miliyan 1.7 na yaƙe-yaƙen duniya biyu. A yaƙi na biyu tana lissafa wanda ya mutu daga 3 ga Satumba 1939 zuwa 31 ga Disamba 1947. Ma'aikatan jiragen kasuwancin Ingila da suka mutu a wannan yaƙi sun haura 30,000, kuma kusan 24,000 daga cikinsu, waɗanda ba su da kabari sai teku, an zana sunayensu a allunan tagulla na dandalin Tower Hill a Landan, wanda Sarauniya Elizabet ta buɗe a 1955. Yadda aka jera allunan ma ya gaya maka yadda Ingila ke kallon lamarin: sunan jirgi ne a sama, kyaftin a ƙarƙashinsa, sannan sauran ma'aikata bi da bi.

Shafin da Ingilishi yake, amma gurabensa kaɗan ne. A wurin zaɓen rundunar da mutum ya yi wa aiki ka zaɓi "Merchant Navy", ka zaɓi yaƙi na biyu, sannan ka sa suna. A nan wahala take. Wanda a Yamai ake rubuta shi Moussa, a can Musa ne ko Moosa. Ousmane ya koma Usman ko Osumanu. Mahamadou na iya zama Mohammed, Mamadu ko Momodu. Aboubacar ya zama Bukari ko Abu Bakare. Gurbin sunan iyali kuma ba shi da tabbas, domin akawu yakan juya sunaye biyun, ya mai da sunan yanka na uba, na uba na yanka. A Gwalkwas ma, Gana ta yau, an saba rubuta baƙo da sunan ƙabilarsa ko garinsa a madadin na ubansa, shi ya sa takardun sojojin can suka cika da masu suna Hausa, Zabrama, Fulani da Moshi. Ka gwada kowane suna a gurbin farko, ka sake gwada shi a na biyu. Kada ka nemi kalmar Nijar ko Tawa. Ba'adare da ya tsallaka iyaka a wancan zamani yakan ce shi mutumin Sakkwato ne ko Kano, don kada a mai da shi hannun kwamanda, kuma daga 1940 zuwa Nuwamba 1942 yankin AOF, wato ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ke mulka, na ƙarƙashin gwamnatin Vichy ne, gwamnatin Faransa mai biyayya ga Jamus, wadda ba ta ga maciji da Ingila.

Abin da ya fi sauƙi shi ne ka bar gurbin suna fayau, ka nemi sunan jirgin, shafin ya zubo maka duk wanda ya mutu a cikinsa. Sai ka bi su ɗaya-ɗaya kana karantawa da ƙarfi, domin sunan da ido bai gane ba kunne kan gane shi. Ka fi sa ido kan masu muƙamin "Fireman", mai zuba kwal a wuta, da "Trimmer", mai turo kwal da baro daga rumbu, da "Greaser", mai shafa wa inji mai, da yaran kicin da masu wanki. Nan ƴan Afirka ta Yamma suka fi yawa, kuma masu aikin ɗakin inji su ne suka fi mutuwa, don a ƙasan jirgi suke, inda makamin ke faɗawa.

In ka dace, shafin zai ba ka suna, muƙami, jirgi, ranar mutuwa, wani lokaci shekaru, da lambar allon da sunan yake, har da takardar tunawa da za ka sauke kyauta ka buga. Ga Bature yakan ƙara da sunan iyaye da mata da garinsu. Ga namu wannan layi galibi fanko ne, don ba wanda ya aiko wa gidan da takardar cikewa. Ma'ana, ko ka ga "Musa, Fireman", CWGC ba ta tabbatar maka cewa Musanku ne ba.

Babban aibin shafin shi ne bai bayyana wa mai nema iyakarsa a fili ba. Ma'aikacin jirgin kasuwanci farar hula ne, hukumar ba ta lissafa shi sai in harin abokan gaba ne ya kashe shi ko wani haɗarin da yaƙi ya jawo. Wanda zazzaɓi ya kashe a cikin jirgi, ko ya faɗo daga tsani, ba lalle ne ya shiga ba. Wanda ya yi aiki a jirgin Norwe, Girka ko Holan ma hanyarsa daban ce. Kuma ita kanta hukumar ta amince a rahotonta na Afrilu 2021 cewa a yaƙin farko aƙalla mutum 116,000, mafi yawansu ƴan Afirka da Gabas ta Tsakiya, ba a rubuta sunayensu ba ko ba a tuna da su sam. Rashin ganin suna a CWGC ba hujja ba ce cewa labarin gida ƙarya ne.

To in ba a san sunan jirgin ba fa? Nan ƙananan shafuka ke shigowa, kuma uboat.net ya cancanci yabo. Masu sa kai ke gudanar da shi, kyauta ne, yana da shafi ga kowane jirgin da jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus suka harba: mai jirgin, inda ya fito, inda za shi, kaya, wurin da ya nutse a taswira, adadin matattu da masu tsira, da sunayen mutanen cikinsa da aka iya tattarawa. Ana iya bin jiragen wata-wata. Mai neman ɗan Afirka ta Yamma ya fara da kamfanin Elder Dempster na Libaful, wanda shi ke riƙe da zirga-zirgar gaɓar nan, yana ɗaukar ma'aikata a Firitawun, da yaƙi ya tsananta kuma ya koma ɗauka a Legas. An nutsar da jirginsa Accra a ranar 26 ga Yuli 1940, Adda a ranar 8 ga Yuni 1941 kusa da Firitawun. Mafi muni shi ne Abosso, wanda ya taso daga Kef Tawun shi kaɗai ba rakiya, jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus U-575 ya harbe shi a ranar 29 ga Oktoba 1942 a arewa da tsibiran Azores. Mutum 362 suka mutu, 31 kaɗai suka tsira.

Tekun da ke gaban Saliyo wurin farauta ne a lokacin, don a Firitawun ayarin jirage masu lambar SL ke taruwa kafin su nufi Ingila. A 1941 jirgin U-107 shi kaɗai ya nutsar da jirage 14 a fita guda, mafi yawansu a wannan yanki. A daren 30 ga Afrilu zuwa 1 ga Mayu 1943, U-515 ya nutsar da jirage 7 daga ayarin TS 37 da ya taso daga Takoradi. In tsoho ya ce maka kakan ya tashi daga Takoradi ne gab da faɗuwar damina, shekara biyu kafin yaƙi ya ƙare, ga jirage bakwai da za ka fara da su. Shafin convoyweb kuma na nuna jiragen da ke cikin kowane ayari da ranakun tashi.

Sai dai uboat.net na Jamus da jiragensu na ƙarƙashin ruwa ne kawai. Jirgin da jirgin sama ya jefa wa bam, ko Italiya ta nutsar, ba ya cikin jerin. Apapa na Elder Dempster, wanda jirgin saman Jamus ya ƙone a ranar 15 ga Nuwamba 1940 a yammacin Ailan, misali ne. Sunayen mutanen da shafin ke nunawa ma mafi yawansu na matattu ne da aka kwaso daga CWGC, don haka ganin suna a wurare biyun shaida ɗaya ce, ba biyu ba.

Wani abu da ba a cika tunawa ba: nutsewar jirgi ba ita ce mutuwar kowa ba. Waɗanda suka kai gaɓar ƙasashen Vichy a kwale-kwale an tsare su a sansanoni a Konakiri da Kankan, wasu har Tumbutu. Ma'aikata biyu na jirgin Allende, wanda aka nutsar a Maris 1942, a Tumbutu suka rasu, kaburburansu na can cikin rajistar CWGC. Kew na da jerin fursunonin ma'aikatan jirage a rukunin BT 373.

Yanzu sai Kew, inda ake kashe kuɗi, inda kuma ainihin takardar take. Kundin nemansu na intanet sunansa Discovery, shiga kyauta ne, yin rajista ma haka. An raba takardu rukuni-rukuni da haruffa da lamba, kuma wanda bai san rukunin da yake so ba zai yi ta yawo. Na ma'aikatan jirage na farawa da BT.

Akwai biyu da ake saukewa kai tsaye. BT 389 katunan zirga-zirgar jirage ne na 1939 zuwa 1946, ana nema da sunan jirgi. Katin na nuna tashoshin da jirgin ya tsaya da ranaku, da abin da ya same shi a ƙarshe. Babu sunan mutum ko ɗaya a ciki, kada ka saya da wannan zato. Amfaninsa shi ne ya gaya maka ko jirgin ya tsaya a Legas ko Takoradi a watan da ake cewa kakan ya shiga. BT 395 kuma jerin waɗanda aka ba lambobin yabo ne. Ga iyalin Nijar kusan ba shi da amfani, domin ba a aika wa ma'aikacin jirgin kasuwanci lambarsa haka kawai, sai shi ko magadansa sun nema, kuma wa zai nema daga Keita ko Illela a 1946? Tun 2020 ma'ajiyar ta fara barin masu rajista su sauke irin waɗannan takardu ba biya, da iyaka a kan yawansu. Ka shiga da sunanka tukuna ka ga abin da shafin ya rubuta a gaban takardar kafin ka ciro katin banki.

Takardar da ta fi kowace daraja ita ce BT 381, jerin ma'aikata da littafin tafiyar kowane jirgi na shekarun yaƙi. A nan ne ake rubuta sunan mutum, shekarunsa, inda aka haife shi, adireshinsa, jirgin da ya bari kafin wannan, tashar da ya sa hannu da ranar, albashinsa, da sa hannunsa ko alamar da ya yi in bai iya rubutu ba. Layi ɗaya da ya ce an haife shi Sokoto, ya shiga a Lagos, adireshinsa wata unguwar Hausawa, ya fi duk abin da CWGC za ta ba ka. Ba a ɗauki hoton waɗannan takardu an sa a intanet ba, kuma ba a jera su da sunan jirgi ba. Da shekara aka jera su, da lambar rajistar jirgi, wadda ake kira "official number", galibi mai alƙaluma shida. Ana samun lambar kyauta a shafin Crew List Index Project. A kula sosai a nan, don kamfanoni na maimaita suna. Abosso biyu aka yi, na farko an nutsar da shi a 1917, na biyu da aka ƙera a 1935 shi ne na 1942. Apapa ma akwai wanda ya nutse a 1917, akwai na 1940, akwai wanda aka ƙera bayan yaƙi. Lamba ɗaya da ka kuskure, ka biya kuɗin takardun jirgin da kakanka bai taɓa gani ba.

Tambayar da kowa ke yi ita ce, in jirgi ya nutse da takardunsa, me ya rage? Kwafin yarjejeniyar da aka sa wa hannu kafin tashi yana zama a ofishin tasha, kuma bayan asara kamfani na aika wa hukuma jerin matattu da waɗanda suka ɓace. Su ake samu a fayil ɗin. Raunin shi ne mutumin da aka ɗauka a tsakiyar tafiya, a Firitawun ko Legas, bayan an bar Libaful. Sunansa na iya kasancewa a takardar da ke cikin jirgi kawai. Dabarar ita ce a nemi jerin tafiyar da ta gabata ma, domin mutum yakan yi tafiya biyu ko uku a jirgi ɗaya. A duba kuma rahotannin waɗanda suka tsira da ke cikin ADM 199, inda jami'in da ya rayu ke bayyana yadda aka harbe su da yadda kwale-kwalen ceto suka rabu. Ba kasafai yake ambaton ƴan Afirka da suna ba, yakan ba da adadinsu ne kawai, amma iyali na samun labarin daren.

Rajistar mutum ɗaya-ɗaya ita ce BT 382, ta 1941 zuwa 1972, da ƴan jakunkunan takardu na BT 372 da wasu ke ɗauke da hoto. BT 372 ana nemansa da suna a Discovery, a gwada, minti biyar ne. BT 382 kuwa an ɗaure shi ne dam-dam bisa jerin haruffa, sai mutum ya buɗe ya bi. Ga wanda ba a san yadda aka rubuta sunansa ba, allura ce cikin ruwa, mai rabo ka ɗauka. Kada a sa kuɗi a nan sai BT 381 ya ba da ainihin rubutun sunan da lambar R.

Hidimar kwafin tasu mataki biyu ce. Ka biya kuɗin dubawa tukuna, ma'aikaci ya ɗauko fayil ya ƙirga shafuka, sannan a aiko maka da farashin kwafin, ka sake biya. Kuɗin farko ba ya dawowa ko ba a ga komai ba. Ba sa yi maka bincike a wannan kuɗi, abin da ka nuna shi za su ɗauka, kuma kwali ɗaya na BT 381 na ɗauke da jirage da yawa masu lambobi kusa da juna. Don haka a gurbin bayani ka rubuta sunan jirgi, lambarsa, shekara, ka ce jerin ma'aikata na tafiyar ƙarshe da jerin matattu kake so. In ka bar shi a buɗe za a ƙirga maka littafin tafiya dukansa, farashin ya tashi. Ka zaɓi a aiko ta imel, ba ta gidan waya ba. Da fam ɗin Ingila ake biya, da katin Visa ko Mastercard, kuma katunan bankunanmu da yawa sai an je an buɗe musu sayayya ta intanet kafin su wuce. Ana ɗaukar makonni. Aikin nasu tsaf yake, hoton na fita sarai, amma ga mai lissafi da sefa yana da tsada, kuma tsarin an yi shi ne don wanda ya riga ya san abin da yake nema.

Wanda ke da ɗan'uwa a Landan, ɗalibi ko ma'aikaci, ya fi kowa sa'a. Shiga ɗakin karatu kyauta ne, ana yin katin mai karatu da takardun shaida biyu, kuma an yarda mutum ya ɗauki hoton takardu da wayarsa. Ranar Litinin a rufe suke, kuma gara a yi odar fayil tun kafin a je. Ka ce masa ya ɗauki bangon fayil da kowane shafi, har waɗanda yake ganin ba su da amfani, don ƴan Afirka sau da yawa a wata takarda ta daban ake jera su a ƙarshe. In babu kowa, ma'ajiyar na da jerin masu bincike masu zaman kansu. A yi ciniki a kan fayil ɗaya mai lamba, ba a kan "neman kaka" ba. Kada kuma a rubuta wa jami'ar Memorial ta Kanada, duk da cewa ita ke riƙe da mafi yawan tsofaffin jerin ma'aikatan jiragen Ingila. Na shekarun yaƙi na biyu a Kew suke.

Ɓangaren Faransa ya fi sauƙin harshe ga mutumin Yamai, amma ya fi warwatsuwa. Mémoire des hommes kyauta ne, kuma ga soja babu kamarsa. A yaƙin farko yana nuna hoton katin mamaci da rubutun hannu, a na biyu yana ba da suna, ranar mutuwa, runduna, da lambar fayil mai farawa da AC 21 P, wanda ke ajiye a reshen Service historique de la Défense (SHD), ma'ajiyar tarihin sojan Faransa, na garin Caen. Da wannan lamba ake rubuta musu a nemi kwafi. Ga ma'aikacin jirgin kasuwanci kuwa shafin ragagge ne, domin kan sojoji aka gina shi. A gwada duk da haka, a duba har rukunin waɗanda suka shiga Faransa Mai Ƴanci ta Janar de Gaulle, masu fayil GR 16 P a Vincennes. Gurbin ranar haihuwa a bar shi fanko, tunda namu "né vers" ne. Gurbin ƙasar haihuwa ma tarko ne: ana iya rubuta mutumin Tawa a Soudan ko Sénégal, kuma daga 1932 zuwa 1947 Dori da Fada suna cikin Nijar, saboda haka ba duk wanda aka rubuta wa Niger ne ɗan Nijar ta yau ba.

Takardar Faransa da ta yi daidai da BT 381 ita ce rôle d'équipage, kuma tana bin tashar da jirgin ke da rajista, Marsel, Bordo ko Le Havre. Wasu na rassan SHD na Toulon, Brest, Rochefort, Lorient da Cherbourg, wasu na ma'ajiyun jihohi, babu kundi ɗaya da ya haɗa su. Hukumar fanshon ma'aikatan ruwa, ENIM, na da ma'ajiya a Paimpol, sai dai wanda ya shiga tsarinta kaɗai za a samu. Ƙungiyar Aux Marins, mai kula da wurin tunawa na Pointe Saint-Mathieu, na da shafi mai tarihin jirage da mutane, kuma tana lissafa na jiragen kasuwanci. Tunda ofishin jakadancin Faransa a Yamai ya rufe a Janairu 2024, duk wannan ta imel ne kai tsaye, da wasiƙa gajera mai ɗauke da suna, jirgi, shekara, da dangantakarka da mamacin.

Akwai jiragen da suka faɗa tsakanin ƙasashen biyu. A ranar 3 ga Yuli 1940 Ingila ta ƙwace jiragen Faransa da ke tashoshinta, wasu suka ci gaba da aiki a hannunta. Président Doumer na cikin irin waɗanda suka koma hannun Ingila, kuma an nutsar da shi a ranar 30 ga Oktoba 1942 cikin ayarin SL 125 da ya taso daga Firitawun, mutum 260 suka mutu. Jirgi mai sunan Faransa irin wannan a Kew ake fara nemansa, a BT 381 da BT 387, rukunin jiragen ƙasashen waje da Ingila ta yi amfani da su.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan hukumomi da ke biyan diyya ko fansho ga jika. CWGC kaburbura da sunaye take kula da su, Kew takardu take ajiyewa. Duk wanda ya zo ya ce a ba shi jikka hamsin zai fito wa gida da kuɗin kaka daga Landan, a sallame shi. Abin da za a iya nema da gaske biyu ne. Magada na iya tambayar lambobin yabon da ba a karɓa ba daga ofishin rajistar jirage da ma'aikatansu da ke Cardiff, in suna da shaidar aikin. In kuma BT 381 ya nuna mutum ya mutu a harin abokan gaba amma babu shi a CWGC, ana aika wa hukumar hoton shafin da lambar fayil a nemi a ƙara sunansa. A haɗa da hoton bangon fayil ɗin da shafin da ke nuna ranar da jirgin ya nutse, domin ba sa karɓar labarin baki.